A Gaishe Mini da Makauniya

A shekarar da soja suka tattara nasu-ya-nasu suka koma bariki, babu bangon da ya tsira a cikin birni. Tun daga Ƙofar Mazugal har ka faɗo Ƙofar Mata, ko'ina hoton wani ne da hula a karkace yana murmushi, an rubuta a ƙasa cewa shi ne mai gaskiya da riƙon amana. Wasunsu tare muka yi makarantar allo, na san abin da suke iya riƙewa. Na kawo wannan ne don na yi shekaru ina wanke kaina da shi. Nakan ce ai lokaci ne da kowa yake yabon kansa da bakinsa, ni ma iskar ce ta ɗebe ni. Yanzu na girmi wannan uzuri, shi ya sa zan faɗi abin yadda ya faru.

Ni a lokacin malamin firamare ne, da littafi ɗaya a kasuwa, na biyu kuma yana wurin bugu. Babu kamfanin da ya ɗauke ni. Ni ne marubuci, ni ne ɗan talla, ni ne ɗan dako. In an tashi daga makaranta sai in ɗaure littattafan a bayan babur in bi shagunan masu sayar da littattafai ɗaya bayan ɗaya, ina roƙo a sa nawa a sama inda ido zai gani. Ina juya baya a mayar da shi ƙarƙashi. Na sani, domin na sha komawa da sunan na manta makulli.

Amma abin da ya fi ci mini rai ba cinikin cikin gari ba ne. So nake a ce ana karanta ni a ƙasar waje. Duk direban da na ji zai shiga Maraɗi ko Damagaram sai na cusa masa kwafi biyu. Fataken goro masu zuwa Kumasi sun san ni har sun fara canza hanya. Lokacin aikin Hajji kuwa babu maniyyacin unguwarmu da ban je yi wa sallama ba, da addu'a a baki da ƙunshin littafi a hammata, in ce don Allah a miƙa wa Hausawan Makka da Jidda. Wani Alhaji ya dawo mini da su a ɗaure yadda na ba shi, sai dai sun sha ƙamshin turare. Ya ce ai sun je sun dawo, albarka ta shige su.

Al'adarmu ce a wancan zamani a bar shafukan ƙarshe na littafi don wasiƙun masu karatu. Da su ake auna marubuci. Akwai wani abokin sana'ata da ya taɓa samun wasiƙa daga Ingila, yana yawo da ambulan ɗin a aljihun gaba har gefensa ya cinye, ko gaisawa kuka yi sai ya san yadda ya yi kan sarkin ya leƙo. Na tsani wannan ambulan. Ni wasiƙu uku na samu a kan littafina na farko, duka daga cikin Kano, ɗaya ma jerin kurakuraina ne wani ya zauna ya lissafo mini.

Ran nan na je duba aiki sai mai maɗaba'a ya ɗago daga cikin tarin hotunan 'yan takara ya ce, "Malam, shafi biyu sun rage fari a ƙarshe. Ka kawo wasiƙu mu cike. In da ta ƙasar waje ta fi jan ido."

Na ce, "Akwai."

Bai ce in yi ƙarya ba, kada in ɗora masa. Ni na ce akwai, kuma bakina bai ko yi rawa ba.

Washegari da aka fita tara na zauna a ofishin malamai na yage takarda daga littafin darasi. Da farko na so in ce daga Landan take, sai na ga ban san yadda mutumin Landan yake gaisuwa ba. Ƙasa ɗaya ce na san muryarta ba tare da na taɓa zuwa ba, ita ce Sudan, kuma a bakin Gwaggo na san ta.

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gidanmu, ɗakinta na nan daga hannun dama in ka shigo tsakar gida. Su uku ne a wurin iyayensu: mahaifina, ita, sai autansu, wanda ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsu. Wannan auta, Baffana ke nan da ban taɓa gani ba, ya bi ayarin masu tafiya Makka a ƙasa tun yana saurayi. Saƙonsa na ƙarshe daga Sudan ya zo, ta bakin wani da ya dawo, cewa ya tsaya noma ya tara guzuri. Daga nan shiru, fiye da shekara arba'in. Da aka gaji da jira malamai suka ce a ɗauke shi a mamaci. Tun daga ranar Gwaggo take daka gumba kowace Juma'a ta raba sadaka da sunansa, ba ta yarda kowa ya taɓa mata taɓarya. Tun ina ƙarami ƙarar turminta ce take gaya mini Juma'a ta yi.

Mu gidan marina ne, ko da yake ni alli na riƙe. A karofi, filin rijiyoyin rini na Ƙofar Mata, kakanmu yana da rijiyoyi, ɗaya daga ciki tana can lungu jikin katanga inda rana ba ta kaiwa. Sauran in ka leƙa sai ka ga sama da fuskarka a kan ruwan baba, ita kuwa ba ka ganin komai. Su ukun nan suna yara suka raɗa mata suna Makauniya, a tsakaninsu kawai. An cike ta da ƙasa tun kafin a haife ni. Gwaggo ce ta ba ni labarinta lokacin da na yi ƙyanda ina ɗan shekara shida, tana riƙe da hannuwana don kada in yi susa.

Ga abin da na rubuta, har yau na haddace shi:

"Ɗana, littafinka ya iso mu nan Sudan ta hannun wani alhaji, an karanta mini shi, na yi hawaye da na ji sunan ƙofarmu. Allah ya yi wa alƙalaminka albarka, ba mu taɓa jin mai rubutu irinka ba. In ka bi ta karofi ka gaishe mini da Makauniya, in har yanzu tana ba da baƙi. Daga wani tsoho ɗan Ƙofar Mata."

Layin Makauniyar nan ya burge ni ƙwarai. Na ce wannan babu wanda zai ce ƙirƙira ce. Zan so in ce Baffa bai zo mini a rai ba, amma ya zo. Ban ce shi ne ba, muryarsa dai na ara, na ɗauka aro ne da babu mai nema.

Littafi ya fito, wasiƙa ta yi aikinta. Na riƙa buɗe shafin ƙarshe ina nuna wa masu shago, wasu suka fara barin nawa a sama. Abokina mai ambulan ɗin Ingila ya karanta ya ce, "Uhm, Sudan ai nan kusa ce," na san ta shige shi. Na yi kwana goma ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Abin da na manta shi ne yadda ake karatu a gidanmu. Bayan la'asar matan gida sukan taru a tsakar gida, matata ta karanta musu da ƙarfi, masu tsintar shinkafa na yi, masu kitso na yi. Matata kuwa ba ta tsallake komai, har adireshin maɗaba'a sai ta karanta.

Na dawo wata Talata na tarar da Gwaggo a soro, a tsaye, da mayafinta a hannu. Gwaggo ba ta zama a soro. Ban gama jingine babur ba ta ce, "Ɗan nan, ina takardar?"

"Wacce, Gwaggo?"

"Ta Sudan."

Na ce tana makaranta, a cikin durowa.

Ta matso ta kama hannun rigata. "Mu uku muka san sunan nan a duniya. Babanka yana ƙasa. Ni ga ni. To saura wa?"

A nan ne ya kamata in faɗa. Magana ce ta numfashi ɗaya, da ta zage ni, da an yi dariya an wuce. Amma na dubi fuskarta, ban taɓa ganinta haka ba, kamar an cire mata shekara ashirin. Bayanta kuma ga matata da sauran mata sun leƙo, suna kallona kamar wanda ya zo da bushara. Na tsorata da kunyar minti ɗaya. Na buɗe baki na ce, "Allah mai iko."

Gwaggo ta ce, "Allah mai iko," ta zauna a ƙasa a soron ta fashe da kuka.

Juma'ar da ta biyo baya na farka na ji gidan wani iri, na rasa me ya canza. Sai da na fito alwala na ga turmi a kife jikin bango. Matata ta tambaye ta ko hannun ne yake ciwo a daka mata. Gwaggo ta ce, "Ba a yi wa mai rai sadakar mamaci." Ta faɗa tana dariya.

Magana ta fita. Mata suka riƙa shigowa yi mata barka. Tsofaffin marina da suka yi wasan ƙasa da Baffa sukan tare ni a hanya da hannuwansu shuɗɗa, wannan ya ce ai shi dama jikinsa bai taɓa ba shi ya mutu ba, wancan ya ce in rubuta masa cewa har yanzu yana bin sa kokawa. Mutanen da ba su taɓa sayen littafin labari ba suka saya don su ga wasiƙar da idonsu. Littafin ya ƙare, na koma aka ƙara bugawa. Abin da ya fi ba ni kunya ke nan a duk labarin: da rana ina jin daɗi. In na shigo gida na ga turmin a kife kuwa, sai in ture kwanon abinci gefe.

Gwaggo ta nemi ambulan, na ce ya yage wajen buɗewa. Ta nemi adireshi, na ce bai sa ba, kan sarki ne kawai. Ta ce to a nemo alhajin da ya kai littafin, na ce ina bincike. Kowace ƙarya tana zuwa da ƙanwarta a goye. Ni da nake dukan tebur a aji a kan yaro ya ce akuya ta cinye aikin gida.

Wata Asabar da hantsi ta kira ni ɗakinta ta ce in zo da biro. "Rubuta. Ranar da ka samo alhajin sai ka ba shi." Na zauna a bakin gado na rubuta abin da ta faɗa. Ta jero masa waɗanda suka mutu, da shekarar da kowa ya tafi, da ruwa ne ko da rani. Ta jero waɗanda aka haifa. Ta ce a gaya masa an cike Makauniya, yanzu wani ya yi shagon walda a kanta, amma ta aika an gaishe da wurin. Ta ce a gaya masa ba ta yi fushi ba, ta san hanya ce ta fi ƙarfinsa. Sai ta ƙara da cewa, "Ka sa masa ya yafe mini. Shekara da shekaru ina yi masa gumba, na binne shi da ransa. Ka ce na daina."

Na rubuta. Hannuna ne ya rubuta wannan, da kyakkyawan rubutu irin na malamin makaranta.

Daga nan ta jawo akwatinta na ƙarfe ta ciro wani turkuɗi, yadin rini baƙi wuluk yana sheƙi, naɗe cikin tsohuwar takarda. Ta ce daga Makauniya ya fito, rinin ƙarshe da Baffa ya yi da hannunsa kafin ya tafi, a haɗa masa da shi ya ga ta ajiye. Na karɓa da hannu biyu. Na kai shi makaranta na kulle a kabad tare da wasiƙarta, a bayan kwalayen alli. Duk sanda na buɗe zan ɗauki alli sai warin baba ya buge ni.

Juma'a bakwai turmin nan yana kife.

A mako na takwas na biya gidan waya na buɗe akwatina, sai ga ambulan mai ja da shuɗi a gefe, da kan sarki mai rubutun Larabci. Daga Jidda. Na tsaya a kan matakala na buɗe shi. Abin da na yi shekaru ina roƙon direbobi da alhazai a kansa ke nan, ga shi ya zo da ƙafarsa, na gaske.

Wata mata ce, 'yar Kano, ta ce ɗinki take yi a can. Wata Hajiya ce ta bar mata littafin. Ta yaba shi a layi biyu. Sauran takardar duk a kan wasiƙar tsohon Sudan ce. Ta ce mahaifinta ma ya bi hanyar ƙasa tun tana bayan uwarta, shi ma a Sudan aka ji ɗuriyarsa ta ƙarshe. Ta ce tun da ta karanta ba ta da sukuni. Don girman Allah in aiko mata da adireshin tsohon nan, wataƙila sun haɗu, wataƙila ya san inda aka binne shi. Ta rubuta sunan mahaifin da na unguwarsu, ta ja layi a ƙarƙashi sau biyu.

Na zauna a kan matakalar nan mutane suna tsallake ni. Sai a lokacin na tuna yawan gidajen da ke cikin birnin nan da wani nasu ya bi hanyar gabas bai dawo ba. Ni kuma na buga abin nan sau biyu, na bi mota-mota ina cusa shi a hannun matafiya.

Ban koma aji ba. Na shiga ofis na ɗauki turkuɗin da wasiƙar Gwaggo na nufi gida. Na same ta a ɗaki bayan azahar tana tsintar wake a faifai. Na durƙusa na ajiye su a gabanta.

Ta dubi kayan ta dube ni. "Ba a samu alhajin ba?"

"Babu alhaji, Gwaggo. Babu takarda. Ni na rubuta ta."

Ba ta gane ba. Ta ce ai ta san ni na kwafe ta a littafi. Na ce a'a, ni na ƙaga ta, a ofishin malamai, babu wani tsoho a Sudan da ya aiko mini da komai.

Ta girgiza kai a hankali, irin yadda ake yi wa yaron da ya kasa lissafi. "Ɗan nan, sunan fa? Wa ya san sunan?"

"Ke kika gaya mini. Lokacin da na yi ƙyanda."

Hannunta ya tsaya a cikin waken. Na ga tana nema a cikin kanta, na ga lokacin da ta samo.

"Kana ta son ka yi susa," in ji ta.

"E."

"Na riƙe maka hannu."

"E, Gwaggo."

A waje ana ta surfe a maƙwabta. Can ta ce, "To me ya sa?"

Na shirya maganganu a hanya, na zamani, na kasuwa, na yadda kowa yake yi. Babu wadda ta fito. Na ce, "Shafi ne ya rage fari."

"Shafi," ta ce. Ta ɗauki turkuɗin ta warware shi a cinyarta, ta shafa, ta sake naɗewa bisa tsohon karinsa. Wasiƙar kuwa ta tura mini da bayan hannu. "Tashi ka tafi, la'asar ta kusa."

Ba ta zage ni ba, ba ta yi mini baki ba. Wallahi da ta yi da na fi samun sauƙi. Da na gaya wa matata, ita ce ta yi mini wankin babban bargo, ta ce da bakinta na sa ta karanta wa tsohuwa ƙarya, kuma daga ranar ba ta sake karanta littafina a tsakar gida ba.

Na rubuta wa matar Jidda gaskiya, na nemi gafara. Ba ta amsa ba, ban kuma ga laifinta ba. Na je maɗaba'a na ce in an sake bugu a cire wasiƙar a bar shafin fari. Amma waɗanda suka riga suka tafi Damagaram da Kumasi da Jidda ba ni da hanyar kiran su. Wataƙila har yau akwai kwafi a ƙarƙashin matashin wani, tsohon nan yana ta gaida Makauniya.

Ranar Juma'a, gari na wayewa, na ji turmi. Na kwanta ina sauraro ina jira ya tsaya a inda ya saba tsayawa, bai tsaya ba. Rana ta fito, ta ɗaga, ana ta daka. Matata ta je za ta karɓe ta, Gwaggo ta hana. Da na fito na ga gumba cike da babban tire, an jera curi a kan curi, ba ɗan kwanon da ta saba ba. Zufa ta jiƙa mata ɗankwali.

Ta ce, "Na makonnin da na tsallake ne na rama masa." Ba ta kalle ni ba. "Ɗauki. Yau kai za ka raba. Ka fara da karofi, su suka san shi."

Na ɗauki tiren na fita. Daga gidanmu zuwa karofi ba nisa, amma ban taɓa jin tsawon lungun nan irin na ranar ba. Na tarar da tsofaffin a bakin rijiyoyinsu suna tsoma yadi suna ɗagawa. Wanda ya ce yana bin Baffa kokawa shi ya fara ganina. Ya goge hannu a jikin wando, ya ɗauki curi ɗaya yana fara'a.

"Ta mece ce, Malam? Ta murna ce? An samu adireshin?"

Na ce, "Ta Baffa ce. Ta mamaci."

Bai kai ta baki ba. Ya riƙe ta a shuɗin hannunsa yana kallona, sauran ma suka saki aiki suka juyo. Na ajiye tiren a bakin rijiya, na tsuguna a gabansu, na fara musu daga ranar da aka ce mini shafi biyu sun rage fari.